Takardar Shayi a Jikin Dalma

Aikin farko da Baba Manu ya ba ni a maƙerarsa ba zuga wuta ba ne, ba kuma narka dalma ba. Takarda ya miƙo mini ya ce in yaga. Na yaga. Ya ce in juya ta in sake yagawa ta ɗaya gefen. Da na yi, ya tambaye ni wace yagar ce ta tafi a miƙe, wacce ce ta karkace. Na ce ban lura ba. Ya ce to in tashi in tafi gida, in dawo ranar da na shirya lura. Ku da kuke zaune nan kuna latsa waya, kuna cewa wai naɗa takarda a jikin harsashi aikin masu ƙulla gyaɗa ne, da ku ne wallahi da ba ku dawo ba.

Baba Manu shi ne Sarkin Bakan garinmu, can bakin kogi, kuma maƙeri ne tun kaka da kakanni. Yana da wata bindiga da ba irin adakar da muke ƙera wa manoma ba. Tsohuwar bindigar Turawa ce mai faɗin baki, kuma harsashi ɗaya take ci. Ka harba, ka buɗe, ka zare kwanso, ka sa wani. In abin da ka harba bai faɗi ba, kafin ka gama wannan ya iso ka. Hukuma ta san da ita, don in dabba ta addabi gari shi ake kira. Harsashinta kuwa an daina sayarwa tun ban san kaina ba, saboda haka mu muke haɗawa: tsofaffin kwansunan tagulla, albarushi, dalmar da muka zuba a mazubi, sai 'yar hular da ake sawa a gindin kwanso, wadda ke tayar da wuta in an ja kunama. Hular nan ce kaɗai ba ma iya yi da hannu, wani tsohon gwangwani ne Baba yake tsakura daga ciki.

To ina amfanin takardar? A cikin bututun bindigar akwai layuka da suka murɗa, su ke juya harsashi ya tafi a miƙe. In ka sa dalma tsirara, laushinta zai sa ta goge a jikin layukan ta cike su, harsashin ya tafi inda ya ga dama. Shi ya sa ake yi mata riga. Ka yanka takarda a karkace, ka jiƙa ta, ka ja ta zagaye biyu cif a jikin dalmar, ka murɗe wutsiyar a gindi, ka ajiye ta bushe ta kama, sannan ka shafa kakin zuma. Ga inda wuyar take. Dole takardar ta jure ja tana jiƙe, kuma dole ta yage ta saki dalmar da zarar ta fita bakin bindiga. In ta manne ta bi ta, sai ta ja harsashin gefe. Don haka duk sanda muka yi sabon naɗi sai an harba ɗaya a jikin gaɓar kogi, a tako gaba a tsince yagaggun takardar a ƙasa a duba su. Baba bai taɓa fita da naɗin da bai gwada ba.

Masu kawo mana aiki ba su san duk wannan ba, ba kuma su damu ba. Maharbi zai kawo adakarsa ta tsage saboda ya ɗura mata albarushi kamar yana cika buhu, ya tsaya a kanka yana cewa ƙarfenka ne ba shi da kyau. Manomi ya zo yana ihun aladun daji sun gama da rogonsa, yana so a yi masa komai yau yau. Mun saba da su. Amma shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen casa'inoni, ba mutum ɗaya ne ya zo ba, gari ne gaba ɗaya. Wata dorina ta tare a lungun kogin da ke gaban fadamar shinkafa. Ta fasa kwalekwale, masunta sun daina zuwa wajen, kuma kowa ya san in shinkafa ta fara nuna za ta hau ta cinye. Masu kula da namun daji suka ba Baba izinin harbe ta, suka ce in damina ta wuce bai yi ba za su kawo nasu mutanen.

Ashe takardarmu ta ƙare. Wata siririyar takardar tafireta ce da wani akawun kamfanin auduga ya ba Baba tun yana saurayi, ita muke ta ci har ta zo ƙarshe. Muka gwada ta littafin 'yan makaranta, ta narke a hannu. Muka gwada jarida, muka gwada ta wasiƙar jirgin sama, muka gwada ta buhun siminti an ɓare ta. Kowane gwaji harbi ne, kowane harbi hula guda ce. Wasu hulunan ma danshi ya kashe su, ka ja kunama ka ji ƙwas kawai. Ranar da Baba ya zazzage gwangwanin a tafin hannunsa, guda ɗaya ta rage wadda ya yarda da ita. Ya mayar da ita ya rufe, ya ce gwaji ya ƙare, wannan ta dorina ce.

Ana cikin haka Alhaji Sabi'u ya aiko a kira ni Kano. Ɗan kasuwa ne mai kawo kwaɗuna da faifan injin niƙa da patakan ƙofa, an taɓa haɗa shi da kaya masu kyan fenti da ruɓaɓɓen ƙarfe, shi ne yake son ya tafi Sin da wanda ya san ƙarfe. Na gaya wa Baba, da na tashi tafiya sai ya kira ni. Ya ce ai an ce mutanen can su suka fara yin takarda a duniya, in dubo masa. Ya ce tunda ba sauran hular gwaji, hannuna da idona su ne gwajin, abin da na aiko da shi zai naɗa ya fita.

Guangzhou, birnin da muka je a Sin, a lokacin ba kamar yadda 'yan'uwanku ke ba ku labari yanzu ba ce. Hausawa ba mu da yawa, in ka ji Hausa a titi sai ka waiwaya. Mun sauka a wani otal a titin Liuhua Lu kusa da tashar jirgin ƙasa, wurin da mutane ba sa yankewa, kowa da jaka a ka ko a kafaɗa. Zafi ne mai danshi, riga ba ta bushewa a jikinka. Aikina shi ne in bi Alhaji masana'antu da magagarina a aljihu. In an kawo samfurin faifai in goga, in magagari ya ci shi kamar sabulu in girgiza kai. Mai masana'anta ya yi dariya ya ce gobe zai kawo mai kyau. Goben nan ita ta cinye mu. Ni kuwa ko ina tsaye ina goga ƙarfe hankalina yana fadamar garinmu, ina lissafin ko shinkafa ta fitar da kai.

Mai yi mana tafinta wani ɗan Damagaram ne, Isufu, yana karatun likita a can. Ranar farko da na faɗa masa abin da nake nema, na ɗauki biro zan zana masa harsashi a bayan kwalin ashana, ya dafe hannuna. Ya ce Kawu, a ƙasar nan farar hula ba ya riƙe bindiga, ko zanenta kada in yi, ko sunanta kada in ambata a gaban kowa. To kun ji. Mutumin da duk rayuwarsa harbi ne gwajinsa, an kai shi garin da ko maganar ba a yi. Sai na sa aka yanko mini wani guntun rodi a masana'antar faifai, na goge shi da magagari har ya zo daidai kaurin dalmarmu, na riƙa yawo da shi a aljihu.

Ba inda ban ja Isufu ba in ya tashi daga makaranta. Shagunan kayan ofis, inda takardar duk fara ce fes mai santsi, ka jiƙa ta ta rabu. Titin masu sayar da takardar rubutun buroshi, wadda ke shan ruwa kamar auduga ta saki jiki. Har Xintang muka je wajen masu ɗinkin wandon jins, don na ji suna da takardar da suke yanka fasali da ita, ashe kauri gare ta kamar kwali. A kowane shago sai in yagi gefe, in sa a harshe, in ja tsakanin yatsu. Masu shago suna kallona suna kiran maƙwabtansu su zo su ga baƙin mutum mai cin takarda. In Isufu ya yi musu bayanin irin wadda nake so, su kaɗa hannu su ce meyo, wato babu. Meyo ɗin nan har a mafarki nake jin ta. Alhaji ya fara ƙorafi cewa ya kawo maƙeri ya koma masa ɗan jarida.

A inda ban nema ba na same ta. Wani mai sayar wa Alhaji kwaɗo ya zaunar da mu shan shayi, kamar yadda suke yi kafin ciniki, ya ɗauko ganyen shayin da aka danne ya zama faifai, a naɗe cikin wata takarda siririya mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ya warware ya yar da ita gefe. Na ɗauka, na tsoma gefenta a kofina, na ja. Ta miƙe ba ta tsinke ba. Na ɗaga ta a haske na ga zaruruwa dogaye a ciki suna ratsa juna. Na ce wa Isufu ya tambayi lawban, haka ake kiran mai shago a can, inda ake sayar da ita ba rubutu a jiki. Washegari muka haye kogi zuwa kasuwar shayi muka sayo ɗauri guda.

Da na koma otal na yanka biyu da reza, na jiƙa, na naɗa a jikin rodin nan. Ta kwanta lumui, ba tattara, ba kumfa, bakin ya haɗu da baki. Tunda nake ban taɓa yin naɗi mai kyan wannan ba. Saura ta bushe in tsaga in ga yadda za ta saki. A garinmu ka ajiye da hantsi, kafin la'asar ta bushe ƙarau. A can kuwa ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, na ajiye ta gaban fanka, na wayi gari tana nan da sanyinta. Kuma a ranar ne Hajiya Talatu, wata mai sarin kayan sawa a kasuwar Shisanhang da muke otal ɗaya, za ta tashi zuwa gida. In ta wuce ban san ranar da wani zai sake tafiya ba, kayan Alhaji kuwa ko rabi ba a gama ba. Na ƙunshe takardar a leda na ba ta, na ce ta kai rumfar Alhaji a Kano, yaransa su ba direban motar garinmu.

Sai bayan tafiyarta da kwanaki rana ta fito naɗin ya bushe. Na sa reza na tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, ina jiran ya buɗe ya faɗi kamar yadda tsohuwar takardarmu ke yi. Bai faɗi ba. Zagaye biyun sun haɗe sun zama abu ɗaya, kamar fatar da aka rufa wa kube. Na sa farce na ɓamɓare da ƙyar, na ja da hannu biyu, ta ƙi yagewa sai da na yi da gaske. Na sake naɗa wasu, na shanya a kan tagar da rana ke bugawa, duk haka suka yi. Ni ina ta neman wadda ba ta tsinkewa a jiƙe, ga shi na samu wadda ba ta son tsinkewa sam. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san a lokacin takardar ta kusa isa hannun Baba, kuma ba zai gwada ba, ya riga ya ce ni ne gwajin.

Na kasa zama. In fita titi in dawo, in hau bene in sauko. Na kai wa Alhaji maganar, ya ce in bar wa Allah, tsohon nan ya fi ni sanin aikinsa, in kuma na tsorata shi a banza garin zai ɗora mini laifi. Isufu ya tambaye ni ko na tabbata ba za ta yage a bindiga ba. Na ce ban tabbata ba. Reza daban, layukan bututu da ƙarfin albarushi daban, mai yiwuwa su yanka ta tas ta watse. Mai yiwuwa kuma ta manne, harsashin ya kauce da tafin hannu ɗaya, ya sami dorina a inda zai fusata ta kawai, ga tsoho a cikin kwalekwale da bindigar da ba komai a cikinta. Abin da zai raba gardamar harbi ɗaya ne a jikin gaɓa, ni kuma ina garin da ba a harbi, shi yana garin da ba hular gwaji.

Garinmu ba waya a lokacin. Akwai ta tebur a rumfar Alhaji a Kano, in rana ta faɗi a Guangzhou, a Kano azahar ba ta yi ba. Na sayi katin waya na tsaya a layi a ƙasan otal, in buga ta ƙi shiga, in koma bayan layi. Sai a yini na biyu ta shiga, babban yaron Alhaji ya ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce ai tuni an ba direba saƙon. Na ce ya nemi mai mashin ko mota, ko nawa ne, ya tafi da kansa.

Na ce, "Ka ce wa Baba Manu in ji Hamisu, takardar ba ta saki. Kada ya fita."

Ya maimaita mini, layin ya yanke. Daga nan ban sake jin komai ba har muka loda kwantena muka taho. Sauran zaman nan ban san yadda na yi shi ba. Ina goga faifai ina mance wanda na goga, duk wanda ya sauka daga Kano sai na tare shi da tambaya, alhali ba wanda ya taɓa jin sunan garinmu.

A tashar garinmu na fara jin labari, tun ban sauke jaka ba. Saƙona na waya ya isa ana gobe Baba zai fita. Ya riga ya naɗa, ya shafa kaki, ya haɗa harsashin da hular nan guda, an ɗaure kwalekwale a mashaya, har mata sun fara zancen rabon nama. Da yaron Alhaji ya faɗa masa, ya tambaye shi sau biyu ko da bakina na faɗa, sannan ya shiga ɗaki ya rataye bindigar. Dagaci ya aiko, dattawa suka zo, ya ce ba zai fita ba. Bai yi wa kowa bayanin takarda ba, ko ya yi wa zai gane? Dorina ta hau fadama ta yi abin da aka ji tsoro, gonakin bakin ruwa ba wanda ya girbi abin kirki. Daga baya aka kawo masu bindigogin zamani daga babban birnin jiha suka yi ta harbinta har ta mutu. Mutanen gari suka ce tsufa ya sa Sarkin Baka tsoro. Kafin in dawo an naɗa wani a sarautar.

Na same shi a maƙera yana gyaran fartanya, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi hanya. Ban iya jira ba, na ce ina harsashin. Ya nuna mini taga da haɓa. Na ɗauko na juya shi a hannu. Naɗin Baba ne, ba inda za ka sa farce.

Na ce, "Baba, dorina ta mutu, hular ba ta da sauran aiki. A ba ni bindigar in je gaɓa in harba shi, mu tsinci takardar mu gani."

Ya ajiye guduma ya juyo gare ni ya ce:

"In ta manne, ka ceci raina, na gode. In kuma ta yage tas fa, Hamisu? Da wane ido zan riƙa kallonka a maƙerar nan?"

Ya karɓi harsashin daga hannuna, ya sa awartaki ya zare dalmar da rigarta, ya jefa a kaskon narki. Takardar ta kama wuta kafin dalmar ta fara laushi. Ya zazzage albarushin a ƙasa ya take da ƙafa, ya ce in kama zugazugi, mai fartanya yana jira.